Yadda Baba Ya Dafa Wuyan Tulu

Babana ya yi aiki a masaƙa a Kakuri tun kafin a haife ni, a sashen rini, inda ake auna sinadarai a haɗa launi. Da aka rufe masaƙar, wasu abokan aikinsa suka koma ƙauye noma, wasu suka kama kabu-kabu. Shi kuwa ya dawo gidanmu a Nasarawa da farar rigarsa ta aiki, da agogon hannunsa da ba ya kuskure, da wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba har yau: ba ya iya ganin abu biyu a ajiye bai tambayi kansa me zai faru in aka haɗa su ba.

Gyara ya kama. Ya kafa tebur a barandar gida, maƙwabta suna kawo masa duk abin da ya karye: hannun buta, murfin fulas, ƙafar tabarau, fitilar babur da ta tsage. Makaminsa wani gam ne da yake kira ifoksi, wanda yake zuwa a gwangwani biyu. Na farko kamar zuma yake, na biyu kuma ruwa-ruwa, da wari mai shiga hanci. Kowanne in yana gwangwaninsa sai ya shekara bai yi komai ba, amma da zarar an auna an gauraya su sai su fara kamawa, washegari ka tarar sun zama dutse. Akwai wani iri mai kamawa cikin minti biyar, amma Baba ya raina shi. Ya ce na masu gaggawa ne, zafin rana ɗaya ya ishe shi ya saki.

Matsalar gam ɗin nasa ita ce jira. Kwana guda cur yake so ba a taɓa shi ba, mutanen unguwarmu kuwa ba sa iya barin abu ya kwana. Mai buta za ta dawo da yamma ta ce dubawa kawai ta zo yi, kafin Baba ya buɗe baki ta kama hannun butar ta ɗaga, hannun ya biyo ta, butar ta yi zamanta a kan tebur. Baba ya rubuta KADA A TAƁA a kwali ya rufe kayan da shi, sai ya zama duk wanda ya shigo sai ya ɗaga kwalin ya ga abin da aka hana taɓawa.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a Abuja. Wata Kirsimeti ta zo wa Mama da maikirowef sabo fil a kwali. Mama ta gwada shi sau ɗaya tak. Ta sa ɗumamen tuwo, injin ya yi ta gurnani, faranti yana juyawa a ciki, can ya yi ƙara ya tsaya. Ta ɗanɗana. Gefe ya ƙona mata harshe, tsakiya kuwa sanyi kamar ruwan randa. Ta ce abincin da bai ga wuta ba, bai ga hayaƙi ba, ita ba ta san me ya dafa shi ba, kuma ba za ta ci abin da ba ta san me ya dafa shi ba. Ta goge injin tas, ta kai shi falo ta ɗora a kan kabad, ta lulluɓe shi da leshi, ta aza masa furen roba. In baƙi sun zo takan ɗaga gefen leshin ta nuna musu abin da 'yarta ta kawo.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina zaune tare da su a gida, kuma an yi mana dogon hutu. Tun ranar da na kama aiki Baba ya daina kiran sunana, Malama yake ce mini. Wata Talata, Mama ta ɗaura zanenta ta tafi coci wajen koyon waƙa na zumuntar mata, sai ya kira ni baranda.

“Malama, zo in tambaye ki. Me ya sa gam ɗina ya fi saurin kamawa a watan zafi fiye da cikin damina?”

“Zafi mana, Baba.”

“Madalla. To wancan akwatin da ke sanye da leshi, mene ne aikinsa?”

Na dube shi, na dubi ƙofar falo. “Baba, kayan Mama ne fa.”

“Ban tambaye ki na wane ne ba. Mene ne aikinsa?”

Ashe ya kwana biyu yana karanta ɗan littafin da ya zo cikin kwalin. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Rana, in ji shi, daga waje take ɗumama abu, sai zafin ya yi ta ratsawa a hankali. Wannan injin kuwa ƙwayoyin cikin abu yake girgizawa su yi zafi da kansu, musamman ruwa da abin da ke da danƙo. Tangaran bai cika damuwa da shi ba. Ke nan gam ɗin da ke maƙale tsakanin karaya zai iya yin zafi a nan inda yake, aikin kwana guda ya dawo na ɗan lokaci.

Na ce ni dai ba ruwana. Ya ce shi ma ba ruwana yake nema ba, hannu yake nema da zai riƙe agogo da biro.

Haka na shiga laifin. Kafin mu taɓa komai sai da Baba ya sa na zana yadda furen yake zaune a kan leshi, wane ganye ke kallon taga, wane ke kallon hoton bikinsu. Sannan ya ɗiga gam a kan wani guntun tayil, ya sa a ciki, ya murɗa injin har ƙarshe. Muka duƙa muna leƙe ta gilashi kamar masu kallon ƙwallo. Da farko gam ɗin ya narke ya baje. Can sai ya fara kumfa, ya kumbura, ya koma launin ƙonannen sukari, wani siririn hayaƙi ya tashi. Na yi ihu, Baba ya zare waya daga bango. Warin da ya cika falon ban san da me zan kwatanta shi ba, wani abu ne tsakanin ƙonanniyar taya da kifin da ya kwana. Na buɗe tagogi, na ɗauki faifai ina korar iska. Baba kuwa ya ɗaga tayil ɗin da tsumma yana juya shi a haske, hankalinsa kwance.

“Malama, rubuta. Ya yi yawa.”

Talata da Juma'a Mama take fita, saboda haka Talata da Juma'a muke namu karatun, in an dace akwai wuta. A hankali Baba ya gano kan abin. Ba a murɗawa sama, sai a mafi ƙanƙantar ƙarfi, wurin da aka zana ƙanƙara don narkar da nama. Ana ajiye kofin ruwa a kusurwa ya riƙa shanye rarar ƙarfin. Ana kunnawa sakan ashirin ne a kashe, a bar shi ya huta, a sake. Gam kuma ba a cika shi, shafi kaɗan, don in ya taru da yawa shi da kansa yake ƙara wa kansa zafi har ya ƙone. A gefen kowane aiki yakan ɗiga ɗan ragowar gam a tayil, duk hutu ya tsokane shi da tsinken tsintsiya. In tsinke ya daina shiga, aiki ya yi. Ba ya ɗaure kaya da waya, da zaren auduga yake ɗaurewa, kuma a nan ne za ka gane mutumin masaƙa, don ƙullin da yake yi ko ni da nake kallo ban taɓa iya kwaikwayonsa ba.

Ranar da muka ci nasara, hannun wani kofin shayi ne. Bai kai rabin awa ba duka da hutun. Da ya huce, Baba ya rataye kofin a ƙusa, ya ɗaura masa galan cike da ruwa. Hannun bai motsa ba. Baba ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana kallo, sai ya ce a hankali, “Da manajanmu yana raye, da ya ga wannan.” Na rubuta a littafi: ya yi.

Da a nan muka tsaya, da watakila har yau Mama ba ta sani ba.

Wata Juma'a, bayan ta fita, Baba ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya tono can ƙasa, ya fito da wani abu a nannaɗe cikin tsohuwar jarida. Ƙaramin faranti ne na ɗora kofi, a rabe biyu, fari mai zoben ruwan zinariya a baki. Na gane shi nan take. Cikin kayan auren Mama ne, waɗanda ke cikin kabad ɗin gilashi, waɗanda ko fasto ya zo ba a fito da su.

“Baba! Yaushe?”

“Kina aji uku a sakandare. Hannun rigata ne ya ja shi. Yau za mu mayar da shi cikin 'yan'uwansa, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.”

Ya shafa gam, ya ɗaure da zare, ya sa a ciki tare da kofin ruwa. Shi da ya sha gaya mini cewa ƙarfe ba ya shiga injin nan, shi da ko cokali ba ya bari kusa, bai tuna cewa zoben nan ƙarfe ne ba. Ni ma ban tuna ba. Ina danna agogo, sai muka ji tas! tas! tas! Tartsatsi shuɗi ya zagaye bakin farantin kamar walƙiya a cikin kwalba. Baba ya yi tsalle zai kai ga waya, ya ture furen roba, furen ya gangara tsakar falo. Ni kuma na ɗauki leshin Mama na rufe kaina da shi, ban san dalili ba.

A haka ta same mu.

Ba a taɓa tashi daga koyon waƙa kafin ƙarfe biyu ba, ranar ko sha ɗaya ba ta yi ba. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta rungume wani ƙulli a zane. A bayanta akwai wata dattijuwa 'yar Filato da dukanmu muke kira Mama mai tulu, ita kuma tana ɗauke da gangar jikin wani babban tulu a ka.

Mama ta dubi furen a ƙasa. Ta dubi leshinta a kaina. Ta shaƙi iskar falon. Ta ƙarasa gaban injin ta buɗe, ta ga farantinta a ɗaure da zare, zoben zinariyar ya yi baƙi wuri-wuri.

“Maman yara,” in ji Baba, “bari in yi miki bayani.”

“Farantin nan,” ta ce, “tun shekarar da ya ɓata na san kai ne. Shida ne, duk Asabar nake goge su. Ina jira ne in ga ranar da za ka faɗa da bakinka.”

Baba ya sosa ƙeya.

“Akwatin kuma, yau sati uku ina ganin furena yana kallon bango. Na ɗauka wannan ce take goge ƙura, har ina sa mata albarka.”

Na zare leshin daga kaina a hankali na ninke.

Na tabbata da wata rana ce, da shari'ar nan ta kai yamma. Amma Mama mai tulu ta sauke kayanta a tsakar falo, ta zauna a kujera, ta fashe da kuka, sai kowa ya manta da faranti.

Duk wanda ya taɓa jin waƙar zumuntar mata ya san tulun nan. Na ƙasa ne, ana bugun bakinsa da soso mai faɗi, ya riƙa ba da wata murya mai kauri da ake ji a ƙirji, ita ke riƙe da kacau-kacau da ganga da muryoyin mata duka. Nasu wata maginiya ce a ƙauyen su Mama ta gina shi tun da daɗewa, ta kuma rasu. Mama mai tulu ta fi shekara ashirin tana bugunsa, ba ta yarda wata ta ɗauke shi. A ranar ta ɗora shi a gefen benci, matan da ke zaune a ɗaya gefen suka miƙe tare, benci ya ɗaga. Gangar jikin ba ta yi komai ba, amma wuyan ya cire, ya rabe uku. Washegari da safe kuma akwai babban taron waƙa na mata daga coci-coci a Gonin Gora, sun yi wata biyu suna shiri.

Mama ta kwance ƙullinta a kan tebur. Baba ya sa tabarau, ya ɗauki gutsattsarin uku yana gwada su. Karayar ta fita tsaf, babu abin da ya ɓace. Na ga fuskarsa ta canza daga ta mai laifi zuwa ta ma'aikaci.

“Zai gyaru,” ya ce. “Amma aiki biyu ne. Sai an haɗa ukun nan sun zama zobe ɗaya sun bushe, sannan a ɗora zoben a jikin tulun shi ma ya bushe. In na ce zan yi duka a tare, zamewa za su yi. Kwana ɗaya wannan, kwana ɗaya wancan. Sai Lahadi.”

Mama mai tulu ta ƙara sautin kukanta.

“Sai dai,” in ji Baba, ya ɗan karkata kai wajen kabad. Bai dubi Mama ba.

Mama ta daɗe tana kallon injin. “Tulun ba zai shiga ciki ba.”

“Tulun ba zai shiga ba. Wuyan zai shiga. In zoben ya kama kafin azahar, sauran ya samu daga nan har safiya.”

“Ba zai yi irin walƙiyar nan ba?”

“Babu zinariya a jikin tulu.”

“In ka fasa shi, Baban yara, kai za ka je gaban mata hamsin ka yi bayani. Ni ba zan raka ka ba.”

Baba ya ce ya ji. Ya fitar da farantin, ya duba cikin injin, wani ɗan baƙin tabo ne kawai a bango. Ya sa kofin ruwa ya gwada, injin ya yi gurnaninsa yadda ya saba. Ya juyo yana murmushi zai yi magana, sai fanka ta fara rage gudu. An ɗauke wuta.

Muka tsaya mu huɗu muna kallon fanka har ta tsaya cak. Janaretanmu ƙarami ne, ko dutsen guga ba ya ɗauka. A unguwarmu kuma in an ɗauke da hantsi, ba mai tambayar yaushe za a dawo da ita.

Mama ce ta fara magana. “Abokinka na Kakuri fa? Mai kifi?”

Wani mutumin Binuwai ne da suka yi masaƙa tare, shi yana kula da tukunyar tururi. Yanzu shi ke kula da wani ɗakin sanyi inda ake ajiye kifi, kuma janaretansu kusan girman keke mai ƙafa uku ne, ba ya hutawa. Baba ya ce can za mu, amma ya shanya gutsattsarin a kan kwanon rufi su sha rana tukuna, don ya ce tulun ƙasa yana ɓoye laima a jikinsa, in laimar ta tafasa a ciki fashewa zai yi. Kafin su bushe na fita titi na tsayar da keke.

Baba ya shiga baya ya rungume maikirowef a cinya, wayar tana lilo. Mama ta zauna kusa da shi da ƙullinta. Mama mai tulu ta ce ko a kan rufi ne sai ta je, saboda haka ta matsa a gefe, ni kuma na raɓa gaba kusa da direba da gwangwanayen gam da littafina. Direban wani magidanci ne mai hula, ya yi ta leƙen madubi har ya kasa daurewa.

“Baba, gyara za a kai injin?”

“A'a, injin ne zai yi gyaran.”

“To. Me za a dafa?”

“Tulu,” in ji Mama.

Bai sake tambaya ba, amma daga nan duk rami sai ya rage gudu ya ce, “Sannu, Mama, a riƙe tulu.”

Abokin Baba yana ganinmu ya fara dariya tun kafin ya ji labari. Da ya ji kuma sai da ya dafa bango. “Oga, ba ka canza ba! Wannan mutumin,” ya juya wajen Mama, “ya taɓa rina mini singileti kore don ya gwada wani haɗi, ina sanye da ita.” Ya jawo mana waya zuwa ƙofar shagon, inda iska ke wucewa, ya kifa kwalin kifi ya zama tebur.

Baba ya sa farar rigarsa, wadda ban ma san ya ɗauko ba. Ya goge bakin karayar da busasshen burushi. Ya auna gam, ya gauraya a kan murfin kwalba, ya fara shafa siriri ya bar ƙasar ta sha, sannan ya ƙara. Ya haɗa ukun, ya zagaye su da zare, ya yi ƙullinsa. Mama mai tulu ta riƙe hannun Mama. Kafin ya rufe ƙofar injin ta ce a dakata, ta yi addu'a gajeruwa, ta roƙi Ubangiji ya tuna cewa kayan aikinsa ne. Abokin Baba ya cire hula. Muka ce amin, har da wasu mata biyu da suka zo sayen kifi.

Wannan karon sakan goma-goma Baba ya ce, saboda bai san halin ƙasar ba. Ni ke kiran lokaci. Duk hutu ya buɗe, ya taɓa wuyan da bayan yatsa, ya tsokani ɗigon gwaji da tsinke. A zagaye na huɗu ya ce tulun ya ɗauki zafi fiye da tangaran, sai aka ƙara tsawon hutun. Mutane suka fara taruwa. Mai sayar da rake ya ajiye baronsa. Ɗaya daga cikin masu sayen kifin ta matso kusa da ni.

“'Yar'uwa, wai me ke ciki?”

“Wuyan tulu.”

“Bai gasu ba ne tun farko?”

Mama, wadda ko kusa da injin nan ba ta son tsayawa, sai ga ta ta duƙa hancinta kusan a jikin gilashi, tana bin wuyan da ido yana juyawa. Da Baba ya ɗan yi jinkirin kashewa, ita ta daka masa tsawa: “Goma ta yi!”

Ban tuna zagaye nawa muka yi ba, littafin ya ɓace mini tuni. Na dai tuna tsinken yana shiga, yana shiga da ƙyar, yana barin ɗan gurbi, sannan ya lanƙwashe bai shiga ba. Baba ya bar wuyan ya huce a ciki, ya fito da shi, ya yanke zaren. Ya rataye zoben a yatsa ya ƙwanƙwasa shi da farce. Ya yi ƙara ɗaya, tsaf, ba irin ta fasasshen abu ba. Mama mai tulu ta rangaɗa guɗa, mai rake ya yi tafi, abokin Baba ya shiga ciki ya fito da kifi biyu a leda ya ce a kai wa tulu ya yi buɗa-baki.

Da muka koma gida Baba ya ɗora wuyan a jikin tulun, ya ɗaure shi daga sama har gindi, ya ajiye shi a inda rana ke faɗowa. Mama ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da tsinkar alayyahu. Maƙwabta uku suka shigo ganin tulun da aka dafa, don labari ya riga mu isowa. Babu wadda ta kai hannu. Kallo ɗaya Mama take yi musu.

Washegari na bi su Gonin Gora. Baba ya ce shi ba zai je ba, yana da aiki, amma muna sauka daga mota na hango farar hularsa a bayan rumfa. Da aka kira matanmu, Mama mai tulu ta zauna, ta matse tulun tsakanin gwiwoyinta, ta ɗaga soso. Bugun farko ta yi shi a hankali kamar mai taɓa jariri. Na biyu ma haka. A na uku ta manta, ta sakar masa hannu yadda ta saba, muryar ta fito har cikin ƙirjina. Wuyan bai motsa ba. Na waiwaya wajen rumfa, Baba yana duba agogonsa, ban san me yake aunawa ba.

Matanmu na uku suka zo a gasar. Mama ta ce laifin masu siririyar murya ne da suka shiga kafin lokaci. Mama mai tulu kuwa ta ce muryar tulun ta ɗan ƙara zurfi, kamar wanda ya tashi daga mura, kuma ita ta fi son sa haka.

Ranar Lahadi bayan sujada aka yi sauran shari'ar. Mama ta kira yayata a waya ta ba ta labari tun daga farko, ta miƙa wa Baba. Daga inda nake zaune ina jin muryar yayata. Ta ce hayaƙin gam ɗin nan ba abin shaƙa ba ne, balle a falo da tagogi a rufe. Ta ce injin da ya dafa gam ya gama da abinci har abada, ko ruwan shayi kada a ɗumama a ciki. Ta ce a fitar da shi waje inda iska take, kuma Baba ya riƙa rufe hanci da sa safar hannu. Baba yana ta cewa, “To, Sista. Na ji, Sista. Gaskiya ne, Sista,” yana ƙifta mini ido, don duk cikin faɗan abu ɗaya ya ji: injin ya zama nasa. Da yamma ya ɗauke shi zuwa baranda, ya rubuta BA NA ABINCI BA a jikinsa da jan fenti. Takunkumi da safar hannu kuwa ya saya, yana kuma sawa, don Mama na zaune a wurin.

Daga nan aiki ya yi masa yawa. Matan zumunta hamsin ne, kowacce kuma tana da wani fasasshen abu da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Ya koyi cewa a'a ga masu ƙarfe a jiki, da robar da ke narkewa, da duk abin da za a zuba abinci mai zafi a ciki. Waɗannan yakan yi musu na jira, ko ya ce a haƙura.

Wata safiya ina shirin komawa makaranta, wani tsoho daga layin bayanmu ya shigo, tsohon mai gadi ne, kusan sa'an Baba. Ya gaisa yana rufe baki da hannu, maganarsa ba ta fita sosai. Ya zauna, ya zaro hankici daga aljihu, ya buɗe a kan tebur. Haƙoransa ne na roba, na sama, sun rabe biyu daidai tsakiya.

“An ce kana dafa abu ya kama nan take,” ya ce. “Jibi ake ɗaurin auren jikata, akwai nama.”

Baba ya sa tabarau. Ya ɗauki ɓangarorin biyu ya gwada, suka haɗu tsaf. Na ga yatsunsa sun fara neman zare a kan tebur. Mama ta yi gyaran murya daga kicin.

Baba ya ajiye haƙoran, ya ninke hankicin, ya mayar wa tsohon a hannu.

“Malam, wannan gam ba ya shiga baki. Tashi in raka ka asibitin haƙori, na san hanya.”

Ya cire farar rigar ya rataye, ya ɗauki hularsa. Suna fita ina jin tsohon yana tambayarsa ko a can ma da inji suke yi, Baba yana ce masa bai sani ba, amma in sun isa zai tambaya.